Lambar da Ba Ta San Sanyi Ba

A gidan yayana komai yana da takarda a goshi. Ka shiga kicin za ka ga an liƙa wa kowane gwangwani 'yar farar takarda, da rubutunsa mai kama da na injin buga takardu: sukari, gishiri, ganyen shayi, ashana. A ƙasan kowane suna kuma ya rubuta iya abin da gwangwanin zai ɗauka. Har bokitin banɗaki bai tsira ba. Na taɓa ce masa, "Yaya, saura mu. Yaushe za ka liƙa mana tamu?" Ko murmushi bai yi ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce tawa ba wuya, kalma ɗaya ta isa: surutu.

Ni ce autar gidanmu, kuma har yau da nake da jikoki Auta yake kirana. Shi kuwa unguwa ta daɗe da raɗa masa Baba Nau'i, domin ba ka gama gaisawa da shi bai tambaye ka "wane nau'i?" ba. Ka ce ka sayi keke, wane nau'i. Ka ce kanka yana ciwo, wane nau'in ciwo. Matarsa tana ce masa Injiniya, shi yana ce mata Uwargida, ni kuma Amarya nake ce mata tun ranar da ta shigo gidan. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, sunan ya ƙi sakinta.

Sana'ar Yaya ita ce rubuta wa ƙananan na'urori umarni. Ba kwamfutar ofis ba, a'a, 'yan koren allunan nan masu faɗin tafin hannu da ake ɓoyewa a cikin sikeli, da injin tura ruwa tanki, da akwatin ƙyanƙyasar ƙwai. A nan ya ƙare ƙuruciyarsa, a wani kamfani da ke ƙera irin waɗannan kaya, har ya yi ritaya. Harshen da yake rubutu da shi tsoho ne, sunansa ma harafi ɗaya ne tak, kamar an yi rowar suna. Yaya yana cewa harshe ne da ke zaune dab da ƙarfe, ba ya rarrashin kowa, abin da ka ce shi na'ura za ta yi ko da hauka ne. Ni ban san kwamfuta ba, waya ma jikata ke gyara mini ita. Amma wanda ya ci abinci da Yaya tsawon shekaru, ko yana so ko ba ya so, sai ya haddace karatun.

Yakan jera gwangwanayen kicin a kan tebur, Amarya tana harararsa, ya fara.

"Kin ga ƙwaƙwalwar na'ura, Auta? Jerin 'yan gwangwanaye ne, duk girmansu ɗaya. Ita ba ta san abin da ke ciki ba. A kunne, a kashe, iya saninta ke nan. Ke za ki faɗa tun farko: wannan cikakkiyar lamba ce, wannan lamba ce mai ɗigo, wannan harafi ne, wancan kuma ba komai a cikinsa sai adireshin wani gwangwanin. Wannan faɗin shi ne nau'i."

"To in na manta na zuba gishiri a na sukari fa?"

"Akwai tafinta. Shi ke mayar da rubutuna yaren na'ura. In ya ga kina shirin zuba wani abu inda ba wurinsa ba, sai ya ja miki kunne."

"In na nace fa? Ka san ni."

"Na san ki. Akwai hanya. Sai ki rubuta sunan nau'in da kike so a gaban abin, wato kin rantse masa kin san abin da kike yi. Daga nan sai ya tsuke bakinsa, kome ya faru ke kika jiyo." Sai ya ɗaga yatsa. "Ni kuwa ban taɓa yarda da mai yawan yi wa tafinta rantsuwa ba."

Haka ya riƙa gasa wa matasan kamfaninsu aya a hannu. An ce in ya ga rantsuwa guda a aikin mutum, sai ya ja kujera ya zauna kusa da shi ya ce a yi masa bayani, kuma ba ya tashi sai an goge.

A duk gidan abokin gabarsa ɗaya ne: wani shuɗin gwangwanin biskit, zagayayye, da hoton biskit ɗin ɓaro-ɓaro a murfi. A ciki Amarya ke ajiye allura da zare da maɓallai da reza. Yaya yana cewa gwangwanin nan maƙaryaci ne. Ya sha liƙa masa takarda mai cewa "kayan ɗinki", ita kuma ta sha sa farce ta ɓamɓare.

"Kowa a gidan nan ya san abin da ke ciki," in ji ta.

"Baƙo fa?"

"Baƙon da ya buɗe gwangwani a ɗakina bai tambaya ba, allurar ce daidai da shi."

Sai kuma ɗakin aikinsa, na ƙarshe a lungun gidan. Teburi ne dogo, da fitila mai lanƙwasa wuya, da ƙarfen narkar da darma, da durowoyi ƙanana birjik kowace da takardarta. Akwai wani ɗan sukudireba mai ruwan ɗorawa da ba wanda ya isa ya taɓa, ko 'ya'yansa. Kujera ɗaya ce a ɗakin. A ƙofar kuma an rubuta: "Ɗakin aiki. Mutum ɗaya." Amarya takan kawo shayi ta ajiye a kan ɗan benci a bakin ƙofar, ta ƙwanƙwasa, ta juya. Ba zan ɓoye ba, abin nan yana ba ni haushi tun ina budurwa. Da ya yi ritaya na zaci zai sassauta, ashe sai ya ƙara ƙaimi. Ya shiga da hantsi, ba a ganinsa sai lokacin salla da na abinci.

Amarya mace ce mai faɗa da dariya a lokaci guda. In ka ji muryarta tun daga bakin titi tana yi wa wani tas, to gida lafiya. Ranar da abu ya kai mata wuya da gaske kuwa, ba ta faɗa. Ladabi take yi. Murya ta yi laushi, ta kawo ruwa da hannu biyu, har da ɗan rusunawa, tana "ranka ya daɗe". Yaran gidan suna jin wannan kalma kowa ke neman wurin ɓuya. Duk dangi mun san haka, ban da mutumin da ya aure ta. Shi sai ya same ni yana washe baki ya ce, "Yau Amaryarki tana cikin nishaɗi, har da ranka ya daɗe aka yi mini."

Rigimar da zan ba da labari firji ne ya jawo ta. Amarya tana da tsohon firjin daskarewa, irin mai kama da akwati, a lungun da ke tsakanin kicin da tsakar gida. A nan take ajiye kifi da nama da robobin ƙanƙara. Rannan sai ɗan abin da ke kunna shi yana kashe shi gwargwadon sanyi ya mutu. Mai gyaran firji ya zo ya duba, ya ce an daina yin irinsa. Babban ɗansu, da ke aiki a wani gari, ya ce ta waya kada Mama ta damu, in zai zo ƙarshen wata zai taho mata da sabo, babba. Aka auna lungun da igiya, aka ga sabon firjin ba zai shiga ba. Wuri ɗaya ne a gidan mai fili da soket mai ƙarfi.

Ina nan a wurin cin abincin rana Amarya ta faɗa, kamar tana maganar yanayi. "Sai dai a sa shi a ɗakin aikinka, Injiniya. Kayanka a zuba su a kwali, a kai sito."

Yaya ya ƙware, sai da na bubbuga masa baya. Da ya samu numfashi ya ce ba wani sabon firji da zai shigo gidan nan, shi zai ƙera wa tsohon sabuwar ƙwaƙwalwa da hannunsa.

"Kai? Shekara nawa kana yi wa kajin mutane na'ura, fankar kicin ɗina da sanda nake tayar da ita?"

"Wannan daban. Wannan ba nau'in aikina ba ne."

"To na ji. In yaron nan ya zo ya tarar da ƙanƙara mai ƙarfi a tsohon firjina, ɗakinka ya tsira. In ya tarar da ruwa, ka fara neman kwali. Auta, ke ce shaida."

Na ce na shaida, har da ɗaga cokali. Dariya nake yi, amma da na dubi Yaya sai dariyar ta rage. Tun da ya bar aiki wayarsa ta daina ƙara. Matasan da ya koya wa sun koma wasu sababbin harsuna da ba sa tambayar nau'in komai, waɗanda yake kira harsunan 'yan gata. Abin da ya rage masa a duniya da zai ce nasa ne shi ne teburin nan da durowoyin nan. In aka zuba su a kwali, ban san inda Yaya zai ajiye kansa ba.

Bai ɓata lokaci ba. Ya zaro wani allo da ya rage masa daga aikin ƙyanƙyasar ƙwai, ya ce ai aikin ɗaya ne: a auna zafi, a kunna, a kashe. Na ƙwai yana kunna wuta in an yi sanyi, na firji zai kunna in an yi ɗumi, juyawa kawai za a yi. Ya ƙara sabon gwangwani a cikin rubutun don iyakar sanyin da yake so, sauran tsohon rubutun kuwa bai ko duba ba, tunda shi ya rubuta da kansa, kuma kaji sun shaida. Allon yana da 'yar fuska mai nuna lamba, mai gurbi biyu kacal, domin zafin ƙwai bai wuce talatin da wani abu ba.

Ya kira mu bakin ƙofa mu ga gwaji, mu biyu muna leƙe kamar masu kallon talabijin ɗin maƙwabta. Ya tsoma ma'aunin zafin da ke haɗe da allon a shayin da ya huce, lamba ta hau. Ya tsoma a ruwan famfo, ta sauko. Ya aika aka sayo ƙanƙara, ya jefa a kofin ruwa ya tsoma, lamba ta sauka har sifili ta tsaya cak.

"Kun gani? Ba kuskure ko ɗaya. Tafinta ma ko tari bai yi ba."

Aka ɗaura wa firji allon a gefe, aka liƙa takarda: "Sanyi. Kada a taɓa." Firji ya ɗauki gurnani, Amarya ta sayo kifi ta zuba, ta cika robobi da ruwa. Yaya ya koma ɗakinsa yana tafe yana hura hanci.

Ba a jima sosai ba gidan ya ɗauki kuka: tsiyo, tsiyo, tsiyo, kamar an taka ɗan tsako. Firji ya ɗauke ɗif. Yaya ya fito da sauri ya duba fuskar allon, ya ga hamsin da biyar. Ya buɗe murfin ya zura hannu, sanyi ƙalau.

"Hamsin da biyar a ina? Ma'aunin ne ya lalace."

Ya cire allon ya kai ɗakinsa, ya gwada, lafiya lau. Ya sauya ma'auni, ya mayar. Aka jima, tsiyo, tsiyo, hamsin da biyar. Ya sake sauyawa. Daga nan laifi ya koma kan waya, ya tashi daga waya ya koma kan wutar lantarki, ya tashi daga nan ya sauka kan mai shagon da ya sayar masa da ma'aunin, wanda ya ce bai san nau'in kayan da yake sayarwa ba. Kullum abin ɗaya ne: kuka ya tashi, Yaya ya fito, ya zare filogi, ya ɗauke allo ya shige ɗaki ya rufo ƙofa. A can ɗakin mai ɗumi kuwa allon ba ya taɓa yin gardama.

Ruwan robobi yana sanyi har ya kama haƙori, amma ya ƙi daskarewa. Kifi ya fara laushi. Amarya ta soya wanda za ta iya, ta rarraba wa maƙwabta sauran, har matar gidan da ke kallonsu ta aiko tana tambaya ko wani abin farin ciki ne ya samu. Kuliyoyin unguwa suka mayar da katangar gidan majalisa. Da farko Amarya tana faɗa, ana jin ta har bakin titi, na ce to da sauƙi. Sai wata safiya na shigo na ji gidan tsit. Na tarar da ita a bakin ƙofar ɗakin aiki, ta rusuna, tana cewa, "An kawo shayi, ranka ya daɗe. A sha lafiya."

Yaya ya leƙo ya yi mini raɗa. "Kin ga matar kirki? Ta fahimci aikin yana da wuya. Ko faɗa ta daina."

"Yaya, kana cikin ruwa."

"Wane nau'in ruwa?"

Na ƙyale shi. Mutum ya kai shekarun Yaya, ƙanwarsa ba za ta koya masa karatun matarsa ba.

Ana gobe yaron zai iso na je da rana, na tarar da kwalaye uku a jingine a bakin lungu. Amarya ce ta aro su daga shagon kan kwana, ta jera su inda duk wanda zai wuce sai ya gani. Yaya ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu, gwiwarsa kuma ta fara ciwo saboda zirga-zirga tsakanin ɗaki da firji. Na jawo masa ɗan bencin da ake ajiye shayi na dire a gaban firjin.

"Zauna nan. Kullum sai ya yi kuka kake zuwa. Yau ka zauna ka ga abin da yake yi kafin ya yi kukan."

Ya buɗe baki zai yi musu, gwiwa ta hana shi. Ya zauna.

A iya sanina wannan ne karon farko da Yaya ya daɗe haka a ɓangaren kicin. Sanyin firji ba ya sauri, lamba tana sauka a hankali, ba abin yi sai kallo. Amarya tana ta harkokinta kamar ba ta gan shi ba. Ta ɗauki sanda ta zunguri fanka ta tashi. Ta sa ƙafa ta tura roba ƙarƙashin famfon da ke ɗiga. Ta ɗaure tagar da ta ƙi rufuwa da tsumma. Na ga idon Yaya yana bin abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya. Can ya mayar da ido kan allon.

Uku. Aka daɗe. Biyu. Ɗaya. Sifili. Firji yana ta gurnani. Sai kawai lamba ta yi tsalle: hamsin da biyar. Tsiyo, tsiyo, tsiyo.

Wannan karon bai zare filogi ba. Ya zauna ya ƙura wa lambar ido, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce a hankali, "Ba hamsin da biyar ba ce. Ɗari biyu da hamsin da biyar ce. Fuskar ce ba ta da gurbin biyun."

"Wane irin ɗari biyu kuma? Ai da firjin ya narke."

Ya dafe kai. Bayanin da ya yi mini ba irin na kan tebur ba ne, ba ɗaga yatsa, murya ma da ƙyar take fita. Ya ce mafi ƙanƙantar gwangwani a na'ura gurbi takwas gare shi, kowanne a kunne ko a kashe. Kana iya cewa duka takwas ɗin na ƙirga ne, sai ya ɗauki sifili zuwa ɗari biyu da hamsin da biyar, amma bai san wani abu wai shi ƙasa da sifili ba. Ko kuma ka ba da gurbi ɗaya don alamar ragi, ƙirgarsa ta ragu, amma ya san sanyi. Nau'i biyu ne, kuma tun farko ake zaɓa. Lokacin da yake aikin ƙwai ya zaɓi marar alama, domin wane ƙwai ne zai sauka ƙasa da sifili? Shi kuwa ma'aunin lamba mai alama yake bayarwa. Ɗaya ƙasa da sifili, a rubutun ma'auni, gurbi takwas ne duk a kunne. In ka zuba wannan a gwangwani marar alama, sai ya karanta shi ɗari biyu da hamsin da biyar. A tsohon rubutun kuma akwai dokar kare ƙwai: in zafi ya wuce kima, a yanke wuta a yi kuka. Firjin Amarya duk lokacin da ya fara daskarewa sai ya zaci gobara ta tashi. Ruwan ƙanƙarar da ya yi gwaji da shi kuwa a sifili yake tsayawa, ba ya wucewa.

"To tafintan naka yana ina? Ba ka ce yana jan kunne ba?"

Ya dubi ƙasa. "Ya ja. Tun wancan lokacin. Ina sauri ne, masu kaji suna jira."

"Sai ka yi me?"

"Na rantse masa."

Allah ya yafe mini, na ji daɗin wannan magana har cikin raina. Na sa shi ya maimaita, na ce kunnena ya fara nauyi. Bai ko harare ni ba. Yana kallon lambar yana magana kamar da kansa yake. "Ba laifin na'urar ba ne. Ta faɗa ƙasa da sifili, ban ba ta wurin da za ta faɗi haka ba. Sai ta nuna mafi girman lambar da take da ita."

Daidai nan Amarya ta fito daga kicin da tire a hannu biyu. Ta rusuna a gabansa, fuska ɗauke da murmushi mai faɗi, murya kamar zuma. "Ga shayi, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara basira."

Yaya ya miƙa hannu zai karɓa, sai hannun ya tsaya a hanya. Ya dubi allon. Ya dube ta. Ya sake duban allon, yana ta kukansa. Ban taɓa ganin fuskar yayana ta yi irin haka ba, kamar wanda ya taka matakala ya tarar babu ita.

"Uwargida," ya ce, "tun yaushe?"

"Firjin kake tambaya, ranka ya daɗe?"

"A'a."

Ta tsaya a rusune na ɗan lokaci. Sannan ta miƙe ta dire tiren a kan murfin firjin, kofi ya yi tsalle, shayi ya fantsama kan takardar "Kada a taɓa". Murya ta dawo, tsohuwar muryar nan da ake ji har bakin titi, kuliyoyi suka watse daga katanga.

"Tun yaushe? Yau ka ga damar tambaya? Ni tun ranar farko nake ganin lambar nan tana tsalle daga sifili, ban san ma'anarta ba, amma wa ya tambaye ni? Kai ka zaci ɗakinka nake so? Me zan yi da ɗaki mai warin darma? Shekara talatin ina ƙwanƙwasa ƙofa a gidana kamar mai talla! Da ka yi ritaya na ce alhamdu lillahi, yanzu na samu abokin hira. Sai ka ƙara sakata! Mutum ɗaya! To ni wane nau'i ce, Injiniya? Benci?"

Na ɗauki mayafina na sulale tsakar gida, domin akwai faɗan da ba a son shaida. Amma ban yi nisa ba, kunnena kuma lafiyarsa ƙalau. Ta daɗe tana yi, ta tabo fanka, ta tabo famfo, ta tabo wata tafiya da ya yi mata alkawari tun yaran suna firamare. Can muryarta ta karye, ni ma na ji idona ya ciko, na yi ta goge shi da gefen mayafi ina jin haushin kaina.

Gyaran bai ɗauki komai ba. Kalma ɗaya ya goge, wadda ke cewa marar alama, ya goge rantsuwar, ya sa wa fuskar ɗan ɗigo da zai kama in an sauka ƙasa da sifili. Bai kai allon ɗaki ya rufe ƙofa ba, kwamfutar ya ɗauko ya ɗora a kan gwiwa a nan lungun. Washegari da na je Amarya ta zaro roba ta buga ta a kan tebur, ƙau, kamar dutse. Yaron ya iso aka ce ya mayar da sabon firjinsa gidansa, matarsa ta fi buƙata. Amarya ta ce alkawari alkawari ne, ɗaki ya tsira, ta aika aka mayar da kwalaye shagon kan kwana. Na jira in ji Yaya ya cika baki, tunda shi ya ci. Bai cika ba. Da na leƙa kicin na gan shi a kan kujera yana kwance fanka.

Na ɗan kwana biyu ban je ba, jikata ba ta da lafiya. Da na koma na tarar da lungun wayam, babu firji. Na ce shi ke nan, ya sake lalacewa. Sai na jiyo gurnaninsa daga ƙarshen gidan, da muryar Amarya a kansa tana ba da labarin rigimar wasu maƙwabta. Ƙofar ɗakin aiki a buɗe take. An sa almakashi an yanke rabin takardar ta ƙasa, saura "Ɗakin aiki" kawai.

Firjin yana kusurwa, ya cinye kusan rabin ɗakin. Yaya ya ce shi ya sa aka shigo da shi, wai allon yana buƙatar sa ido, ba don komai ba. Kusa da teburin akwai kujera ta biyu, Amarya tana kai ta miƙe ƙafa tana ɗinka maɓalli. Shi kuma ya sunkuya a ƙarƙashin fitila yana gunaguni wai surutu yana hana shi aiki, amma da ta yi shiru don ta tsinke zare sai na ji ya ce, "To sai mijin ya ce me?"

A kan kantar ɗakin, a tsakiyar durowoyi masu takarda a goshi, ga shuɗin gwangwanin nan zaune da hoton biskit ɗinsa, ba a liƙa masa komai ba. Hannuna ya yi ƙaiƙayi, na ɗauka na buɗe. Zare, allura, maɓallai, reza. A kansu kuma, kwance abinsa, ɗan sukudireba mai ruwan ɗorawa.

Yaya bai ko waiwayo ba. "Rufe, Auta," ya ce. "Kowa a ɗakin nan ya san abin da ke ciki."